Wanda Ya Kushe Wiskin Wendell

Wendell ya buga kwalbar a kan tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Wani matsoraci ya kashe min kasuwa, Loretta! Ko sunansa ya kasa sawa!"

Wiskinsa na hatsin rai ne, wanda ya turara da hayaƙin itacen tuffa. Tun da wani mai ɗanɗano ya kushe shi a intanet, shagunan Pittsburgh suke ta dawo masa da kaya.

Matarsa Loretta ta ci gaba da yanka albasa. "Ai na ce ka bar shi ya ƙara daɗewa a ganga. Ka ce me na sani."

"Ke dai yi girkinki! Ɗan iskan nan harshensa ya mutu. Wai ɗanye ne, na rufe aibinsa da hayaƙi. Wai kamar mutum ya lashi toka! In na kama shi sai ya shanye ganga guda."

Loretta ta ajiye wuƙar, ta goge hannunta.

"Jiƙaƙƙiyar toka na rubuta, Wendell. Ko karatun ma gaggawa ka yi masa."