Takardar Shaidar Hedimasta

Da la'asar muka je karɓar takardar shaidata, ni da Baba, a firamaren ƙauyenmu da ke hanyar Maigatari. Sai da ita za a ɗauke ni a sakandare. Ofishin Hedimasta yana ta warin tawada.

Da Turanci aka rubuta ta, Baba kuwa ajami kaɗai ya iya, don haka Hedimasta ya fassara masa: "Shekara bakwai ina tare da yaron nan, bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Alhali kuwa, Alhamis uku na gudu kasuwar Maigatari kallon raƙuma, washegari in ce masa Baba ne ya tura ni kiwo.

Hedimasta ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Akwai gyara, kafin in buga hatimi?"

Na ce, "Babu, Malam." Ƙarya ta huɗu ke nan.

Baba ya ce madalla, ya ninke takardar ya sa cikin hularsa.

Har Hedimasta ya rasu ban san ko ya gane ba. Ga shi na yi furfura, ina ta ƙoƙarin zama yaron da Hedimasta ya rubuta a takardar nan.