Takobi a Bakin Ƙofa

Tabitha ta kasa zama. Sau uku tana leƙa titin gidansu a birnin Philadelphia kafin masoyinta Kyaftin Cormac ya iso, takobi a ƙugu.

"Tsaya nan," ta ce. "Mu 'yan ɗariƙar Kwaika, Kiristocin da suka haramta yaƙi, makami ba ya shigar mana gida. Baba ya ce in ka ajiye shi har abada, zai ba ka ni."

Cormac ya shafa kuben. "A ƙasarmu Ireland bindiga da takobi masu mulki suka hana mu riƙewa. Ƙasar nan ta ɗaura min wannan, ba zan ajiye shi ba. Gobe ma za mu tashi zuwa fagen daga a yankin Ohio."

Ta waiwayi ɗakin mahaifinta. Ta fizgi mayafinta, ta tsallako dokin ƙofa.

"Tabitha, jama'arku za su kore ki!"

"Na riga ka sani. Matsa min in wuce, tare za mu tafi."