Tsohuwar Kwamfutar Furera

Attahiru ya danna fayil na goma, shi ma ya ƙi buɗuwa, sai wani jan rubutu na Ingilishi ke fitowa. Takardun gonaki dubu uku na ƙungiyar manomansu ta Tasawa duk an kulle su, ga damina ta ƙarato, lokacin rigimar iyaka. Na asalin kuwa gara ta daɗe da cinye su.

Ya kira mai gyaran kwamfuta a Maraɗi.

"Ta shafin da kake sarrafa antibirus ɗin suka shigo," in ji mutumin. "Akwai ɓaraka a jikinsa. Duk kwamfutar da ke haɗe da shi ta tafi."

Ashe mai gadin ne ya buɗe wa ɓarayi ƙofa. Shi kuwa Attahiru da ƙafarsa ya bi reshe-reshe na ƙungiyar yana haɗa kwamfutocinsu da shafin.

Sai ya tuna da Furera, sakatariyar reshen Urafane. Shekara biyu yana mata faɗa ta haɗa tata, tana cewa tsohuwar kwamfutarta ba ta son baƙo. Kwafin komai yana cikinta.

Ya hau moto, babur ɗinsa, ko ruwa bai sha ba. Sau biyu yashi yana kayar da shi a hanya.

Ya tarar da ita a bakin biro, ofishin reshen, tana murmushi.

"Malam Attahiru, albishirinka. Na gaji da jin kunyarka. Jiya da rezon intanet ya dawo na haɗa ta, yadda ka rubuta mini. Zo ka karanta mini, wani jan rubutu ta fito da shi, da Ingilishi."