Ƙuri'ar Dakta Mamuda

Dakta Mamuda ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba. Ƙuri'arsa ce ta raba gardama a kwamitin wasanni: jami'arsu ba za ta koma babban rukunin gasa ba.

Ya ce wai rashin kuɗi ne, amma zuciyarsa ta san gaskiya. A can ana nuna tsere a talabijin, kuma Fatihu, ɗan amininsa Almu, shi ne zakaran gudun jami'ar. Nasa ɗan kuwa ko gwajin shiga sashen gudun bai ci ba. Don haushi, ko rahoton kwamitin bai buɗe ba.

Ranar Juma'a a masallacin garinsu Sterling yana neman sulalewa, sai Almu ya cafke hannunsa, ido cike da ƙwalla.

“Mutumina, kocin Fatihu ya gaya mana komai.”

Mamuda ya tambaya, “Me ya ce?”

“Ashe da an koma, sashen gudu za a rufe don a riƙa biya wa 'yan ƙwallo kuɗin jirgi. Kai ka ceci karatun yaron nan, don albarkacin gudun ake biya masa kuɗin makaranta. Daga yau duk tseren Fatihu, kujerarka tana gefen tawa.”

Da ƙyar Mamuda ya ce, “Allah ya kai mu.”