Soyayyen Naman Malam Tanimu

A jirgin ruwan shaƙatawa, awarwaron auna lafiya da ke hannun kowa ne ke zaɓa masa abinci. Da safe aka ba mijin Uwani, Malam Tanimu, kunu ba sukari.

"Ƙarfe ne zai hana Malam ƙosai?" Uwani ta daka wa ma'aikaciya tsawa.

"Hajiya, lafiyarsa ake tsarewa."

Da rana sai ga soyayyen nama da shinkafa, mai na naso. Malam Tanimu ya washe baki. Uwani kuwa ta san wanda aka fid da rai da shi kaɗai awarwaron ke ƙyalewa.

Ta fizge farantin. "Ku mayar! Ku kawo kununsa!"

Ya riƙo hannunta. "Na gane, Uwani. Bar ni in ci."