Tsohon Gilashi da Gidan Aku

An sare reshen da adda. Kogon bishiyar wayam, babu 'ya'yan akun. Uwar sai kewaya sama take tana kuka.

Mai hoto ya durƙusa, kyamara rataye a wuyansa.

"Wa ka gaya wa wurin nan?" in ji yayarsa. Ita ta nuna masa gidan akun, bayan ta sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba.

"Wallahi Yaya, ko matata ban gaya wa ba. Hoton kawai na ɗora a shafina na intanet."

"Ba wanda ka tura wa na asali?"

Sai ya tuna. Jiya wani baƙo ya ƙaryata shi a shafin, wai wannan tsohon gilashin kyamarar tasa ba zai fitar da gashin tsuntsu haka ba. Zuciya ta ɗebe shi, ya tura masa hoton yadda ya fito daga kyamara.

Yaya ta dafe kai. "Ka manta kyamarar nan tana manna bayanin wurin da aka ɗauki hoto a jikinsa?"

Wayarsa ta yi ƙara. Saƙon baƙon ne.

"Na yarda maigida, gilashinka ya yi. Yaushe za ka ɗauko mana na mujiya?"