Ƙofar da Baba Ya Shafa

Ranar Laraba, da ƙarfe goma da kwata na safe, Auta ya soma kankare ƙofar nan karo na bakwai. Ɗakin bayan shagon fentin mahaifinsa taga ɗaya gare shi, warin fenti kuwa ya riga ya zauna masa a maƙogwaro.

Wani kamfanin kayan katako ya ɗauke shi aiki a nesa, motarsu za ta tashi ranar Asabar. Auta ba zai tafi ba sai da albarkar mahaifinsa, tsohon kuma ya kafa sharaɗi ɗaya: ƙofa guda, ba sawun buroshi ko ɗaya a jikinta.

Sau shida Baba yana shigowa yana bin bango, ya ɗora tafin hannu a kan ƙofar, ya ja a hankali.

"Wannan kunyar gonar dawa ce ka yi min, ba fenti ba," in ji shi. "Kankare."

Tun bara halinsa ya canza. Ya daina fita aiki. In aka gusar da kujera daga inda ya san ta, sai faɗa. Ko rubutun jikin gwangwani sai ya ce Auta ya karanta, wai yana gwada karatunsa ne. Auta ya tabbata tsufa ne ya zo da rigima, kuma so ake a tsare shi a ɗakin nan har motar ta wuce.

Da azahar ya kai kukansa wurin mai sayar musu da kaya. Mutumin ya yi dariya, ya miƙo masa wata 'yar kwalba.

"Murfi biyu a gwangwani, ɗan tsoho. Yana hana fenti saurin bushewa, sai ya kwanta da kansa, sawun ya ɓace. Kada ka zarce, fentin zai zubo maka kamar hawaye."

Auta ya buɗe gwangwanin da ya rage a shagon, ya zuba murfi biyu, ya motsa. Ya ja buroshi sau ɗaya, ya hana hannunsa komawa. Yana kallo layukan suka narke cikin juna. Ya rufe ɗakin saboda ƙura, ya jira kwana biyu cur.

Ranar Juma'a da hantsi Baba ya shigo. Ya shafa ƙofar daga sama har ƙasa, ya sake shafawa, ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Sannan ya ja da baya, ya tsura mata ido kamar yadda ya saba yi a gaban masu aiki.

"Ya yi," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shuɗin nan ya kwanta kamar ruwa. Je ka, Allah ya yi maka albarka."

Auta ya kama hannun tsohon ya raka shi har kujerarsa, ya koma ɗaki ya kwance jakar tafiyar da ya ɗaure. Ranar Asabar motar ta tashi babu shi.

Shuɗin fenti ya ƙare tun shafawa ta shida. Ƙofar da Baba ya yaba ja ce wur.